Takin naitirojin da audugar shuka ta biyu: tambayoyi da amsoshi

Manomin da ya saba shuka auduga a kan kari, ranar da ya fara shuka ta a bayan alkama ko waken soya, yakan ɗauko lissafin takin da ya saba ya ɗora wa sabuwar gonar. Daga nan matsala ke farawa. Ga tambayoyin da suka fi yawan fitowa daga bakin manoma da ɗaliban aikin gona a kan wannan batu.

Me ake nufi da audugar shuka ta biyu?

Ita ce audugar da ake shukawa a gona ɗaya, cikin shekara ɗaya, da zarar an kwashe amfanin da ya riga ta, galibi alkama ko sha'ir ko waken soya. An ci gona sau biyu ke nan, sai dai audugar takan shiga ƙasa a makare, wani lokaci da wata guda, wani lokaci da fiye da haka.

A jihar Mato Grosso ta Barazil, wadda ke noma mafi yawan audugar ƙasar, ana shuka waken soya a Satumba da Oktoba, a fara girbi a Janairu, injin shukar auduga na biye da injin girbin wake a baya. Mafi yawan audugar jihar ta haka ake samun ta, kuma a kakar 2023/24 Barazil ta wuce Amurka wajen fitar da auduga zuwa kasuwannin duniya. A filin Harran da ke lardin Shanliurfa na Turkiyya, inda ruwan madatsar Ataturk ta Kogin Furat ya fara isa a 1995, babbar auduga takan shiga ƙasa a Afrilu zuwa farkon Mayu, ta biyun kuwa sai an yanke alkama ko sha'ir, wajen Yuni. A Punjab ta Pakistan da ta Indiya alkama da auduga ke bin juna shekara da shekaru. A kwarin Rawayen Kogi na ƙasar Sin kuwa, manoma sun daɗe suna renon auduga a gefe su dasa ta a tsakanin layukan alkama tun ba a yanke ta ba, don kawai su ƙwato wasu kwanaki.

To mene ne bambancinta da ta farko a wajen taki? Ai auduga auduga ce.

Tsiron ɗaya ne, kwanakin ne ba ɗaya ba.

Asalin auduga bishiya ce mai shekara da shekaru. Mu ne muka tilasta mata rayuwar kaka guda. Saboda haka ba ta da ranar tsayawa irin ta alkama ko masara, waɗanda da zarar sun fitar da kai sun gama tsawo. Muddin akwai ɗumi da ruwa da naitirojin, auduga za ta yi ta fitar da sabuwar gaɓa, da sabon reshe, da sabon fure, ko da na ƙasa ba su nuna ba. Abin da ke tsayar da ita shi ne nauyin ƙwallayen da ta ɗauka, da raguwar abinci a ƙasa.

Yanzu a duba kwanakin. Daga shuka zuwa tohon fure na farko kwana 35 zuwa 45 ne. Daga toho zuwa buɗewar fure mako uku ko sama da haka kaɗan. Daga fure zuwa fashewar ƙwallo kwana 50 zuwa 60, kuma idan gari ya fara sanyi ya fi haka, domin a ƙasa da digiri 15 da rabi na ma'aunin Salshiyas girman auduga kusan tsayawa yake yi. Audugar da aka shuka a kan kari tana da kwana 150 zuwa 180, don haka ko taki ya ja ta ta yi mako biyu tana wasa da ganye, akwai sarari. Ta biyu ba ta da wannan sararin. A Turkiyya da Sin da Amurka sanyi ne ke jiran ta a gaba. A Mato Grosso ɗaukewar ruwan sama ce, wajen Afrilu da Mayu. Duk kilon naitirojin da ya wuce buƙata kwanaki yake ci, kuma kwanaki su ne abin da wannan audugar ta fi ƙarancinsa. Duk sauran amsoshin da ke wannan shafi daga nan suka samo tushe.

An ce babu naitirojin a cikin zaren auduga. To ina yake tafiya?

Gaskiya ne, zaren kusan duk selulos ne, wato kabon da haidirojin da oksijin da tsiro ya samo daga iska da ruwa. Naitirojin yana tafiya ne wurare biyu. Na farko ganye, inda yake gina sinadarin kore da furotin da ke sarrafa hasken rana ya zama sukari, sukarin kuma shi ke zama zare. Na biyu gurya, wadda kusan kashi ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin huɗu na nauyinta furotin ne. Idan ƙwallaye suka fara cika, tsiro yakan janye naitirojin daga tsofaffin ganyaye ya kai wa gurya. Shi ya sa gona mai kyau takan fara dusashewa a ƙarshen kaka, kuma ba ciwo ba ne, alamar aiki ya yi ce.

Kilo nawa zan zuba a hekta?

Duk wanda ya ba ka lamba ɗaya ba tare da ya tambaye ka abin da ka girbe a baya, da irin ƙasarka, da ranar shukarka ba, ka bar masa lambarsa. Amma akwai hanyar lissafi da za ka fara da ita.

A jihar Tekzas ta Amurka malaman gona sun daɗe suna amfani da wani ma'auni: fam 50 na naitirojin ga kowace dila ta fam 480 ta gurzajjiyar auduga. A kilo, wajen kilo 10 ke nan ga kowane kilo 100 na zare. Wannan jimillar abin da tsiro ke buƙata ce daga ko'ina, da na ƙasa, da na ruwa, da na buhu.

Mu ɗauki misali. A ce kana sa ran kilo 2,700 na auduga da guryarta a hekta. Idan aka gurza, kashi 37 cikin ɗari ya fito zare, kana da kilo 1,000 na zare, buƙatarka kuma wajen kilo 100 na naitirojin. Ka kai ƙasarka gwaji, aka ce akwai naitirojin na naitiret, wato irin wanda saiwa ke sha kai tsaye, miligiram 8 a kowane kilon ƙasa a zurfin santimita 30 na sama. Kowane miligiram ɗaya a wannan zurfi kusan kilo 4 ne a hekta, kana da wajen kilo 30 ke nan tun ba ka buɗe buhu ba. Saura 70. Idan da ruwan rijiya kake ban ruwa, shi ma a gwada shi: ruwan da ke ɗauke da miligiram 10 na naitirojin a lita, idan ka ba gona milimita 500 a kaka, ya zuba mata kilo 50 a hekta ba ka sani ba.

Inda mutane suka fi yaudarar kansu shi ne lambar farko. Sai mutum ya rubuta amfanin da ya samu a shekararsa mafi kyau da audugar kan kari, ya ce shi yake nema. Audugar shuka ta biyu galibi ba ta kai ta farko ba, don furanninta masu amfani ba su kai na waccan yawa ba. Ka rubuta abin da kwanakinka za su iya nunarwa.

Yaya zan mayar da wannan lissafi zuwa buhu?

Yuriya kashi 46 cikin ɗari naitirojin ce, don haka buhu mai kilo 50 yana da kilo 23. Kamfa mai 15-15-15, wato mai kashi 15 na naitirojin, buhunsa kilo 7 da rabi kawai yake da shi. Amoniyam salfet, mai kashi 21, kilo 10 da rabi. Takin DAP, mai 18-46-0, wato kashi 18 na naitirojin, kilo 9. Kilo 70 ɗin da ya rage a misalinmu, buhu uku na yuriya ne a hekta. Idan ka sa buhu biyu na kamfa a lokacin shuka, kilo 15 ya riga ya shiga, sai ka cire shi daga lissafi.

Na shuka bayan alkama, na sa taki, amma tsiron ya fito rawaya ya ƙi tashi. Takin ne ba shi da kyau?

Mai yiwuwa takin lafiyarsa lau, karan alkamar ne ya riga audugarka cinye shi.

Je ka tsakiyar gonar, ka durƙusa, ka yaye karan da ke kwance. A ƙarƙashinsa za ka ga ƙasa da danshi, ka ga wani farin abu kamar yanar gizo-gizo ya lulluɓe guntayen karan, ka ji ƙanshin ruɓa. Ƙananan halittun ƙasa ne ke aiki. Tan ɗaya na karan alkama yana ɗauke da kabon fiye da kilo 400, amma naitirojin ɗinsa wajen kilo 5 ne kawai, wato kashi 80 na kabon ga kashi 1 na naitirojin. Su kuwa waɗannan halittu abincin da ya dace da su shi ne wajen 24 ga 1. Sun samu tulin abinci mara gishiri, sai su nemi cikon a cikin ƙasa, su kwashe naitirojin ɗin da ke kusa, har da wanda ka zuba. Sun fi jaririyar auduga yawa, sun fi ta sauri, saiwarta kuma ba ta yi nisa ba tukuna.

Ba ɓacewa naitirojin ɗin ya yi ba, rance ne. Idan karan ya ruɓe, halittun suka mutu, zai dawo. Matsalar audugar shuka ta biyu ita ce lokacin dawowar. An ƙwace mata a makonnin farko da take buƙatar ta tashi da sauri, a mayar mata a ƙarshe lokacin da ake son ta tsaya. Ta ci duka ta gaba da ta baya.

Maganin, a ganina, ya fi karkata ga wurin sawa da lokacin sawa, ba ga ƙara yawa ba. A sa wani kaso tun a shuka, a binne shi a layi ƙarƙashin karan, kusa da inda saiwa za ta bi, kada a watsa a kan karan. Idan karan yana da yawa ƙwarai, ɗan ƙarin naitirojin kilo 20 zuwa 30 a hekta ya wadatar. Sannan a tabbata injin girbi ya baza karan ko'ina daidai. Gonar da aka bar kara jere-jere a inda inji ya bi, daga nesa za ka gan ta zane-zane, layi kore layi rawaya.

Ba gara in ƙona karan in huta ba?

Ƙonawa tana sauƙaƙa shuka, tana kuma kawar da wancan rancen, ba a musu. Amma naitirojin da mafi yawan salfa da ke cikin karan sama suke tafiya da hayaƙi, ƙasa ta rasa abin da zai riƙe mata danshi a tsakiyar zafi, lokacin da irin auduga ke fama ya tsiro. Shekara bayan shekara ƙasar takan yi tauri, ta rage shan ruwa. Ƙasashe da dama sun hana ƙona kara saboda hayaƙi. Idan ya yi yawa, a kwashe wani kaso a ɗaure, a bar saura.

Idan waken soya na girbe fa? Ai ya bar taki a ƙasa.

Ya bari, amma ba kamar yadda ake zuzutawa ba. Gaskiya ne ƙwayoyin da ke zaune a ƙulle-ƙullen saiwarsa suna kamo naitirojin daga iska, sai dai mafi yawansa yana cikin ƙwayar waken da ka loda a mota. Babban alherin waken soya shi ne ganyensa da saiwarsa suna ruɓewa da wuri, ba sa yi wa auduga irin ƙwacen da karan alkama ke yi. Don haka za ka iya rage takin farko, ba wai ka bar shi gaba ɗaya ba. Manoman Mato Grosso bayan wake suke shuka, kuma suna sa naitirojin sosai. Abin da suke tsere da shi shi ne takin ya shiga tun ruwan sama bai ɗauke ba, don yuriyar da ta faɗa kan busasshiyar ƙasa kwalliya ce kawai.

Wane lokaci ya fi dacewa a sa?

A watan farko auduga ba ta cin abin kirki, saiwa take ginawa. Cinta yana tashi daga fitowar tohon fure, ya kai ƙololuwa a makonnin da furanni suka yi yawa kuma ƙwallayen farko ke cika. To takin ya kamata ya riga wannan lokaci isa wurin saiwa.

Tsarin da na fi yarda da shi shi ne kashi biyu: wajen kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku a lokacin shuka, saura daga fitowar toho zuwa ganin fure na farko. A ƙasa mai yashi, ko inda ruwa ke zuba da yawa, a raba na biyun gida biyu. Mai ban ruwa na ɗigo yana iya rarraba shi ƙanana-ƙanana, amma shi ma ya rufe littafi a makonni biyu na farkon fure.

Ga wata dabara: ka yi lissafi daga ƙarshe zuwa farko. Ka san lokacin da sanyi ke shigowa ko ruwa ke ɗaukewa a yankinka. Ka koma baya da kwana 55 zuwa 60. Wannan ita ce ranar fure na ƙarshe da zai kai ga tsinka. Duk furen da ya buɗe bayanta ado ne. Takin da aikinsa kawai shi ne ya haifar da furanni bayan wannan rana, asara ce biyu, ta buhu da ta lokaci. Ka kuma tuna cewa audugar shuka ta biyu tana tsirowa ne a cikin zafi, tana gudu fiye da ta farko. Wanda ya ƙirga kwanaki da tsohon lissafinsa zai tarar toho ya riga shi. A riƙa kallon tsiro, ba kalanda ba.

Ta yaya zan gane takin ya yi yawa ko ya yi kaɗan tun kafin girbi?

Tsiron da kansa yana faɗa, in an san inda ake dubawa. Furen auduga yakan buɗe da safe fari mai ratsin rawaya, washegari ya koma ja-ja, sannan ya bushe ya faɗi. Da safe ka shiga gona, ka kama tsiro, ka nemi farin furen da ya fi kusa da ƙolin tsiro wanda ke manne kusa da kara, a gurbin farko na reshe. Daga wannan reshe ka ƙirga gaɓoɓi zuwa ƙolin tsiro. A farkon fure, gaɓa 8 zuwa 10 alama ce ta ƙarfi. Idan tun a farkon fure 6 ka samu ko ƙasa, tsiron yana cikin wahala, ko yunwa ko ƙishi. Kowane mako lambar ya kamata ta riƙa sauka, fure na bin ƙoli yana kamo shi, har ta kai 5. A nan ne masana ke cewa auduga ta rufe, wato ta gama ɗaukar ƙwallayen da za su biya. Idan mako uku sun wuce lambar na nan a 8 ko 9 ta ƙi sauka, tsiron ya mayar da hankali kan tsawo.

Gwaji na biyu da yatsu ake yi. Ƙirga daga sama, ka sa yatsunka a tazarar da ke tsakanin gaɓa ta huɗu da ta biyar. Idan ta wuce faɗin yatsu uku, gudun ya yi yawa. Ka yi haka a tsirrai kamar ashirin a sassa daban-daban, ba na bakin hanya ba. Masu hali suna ƙarawa da gwajin naitiret a hannun ganye, ko na'urar SPAD mai auna koren ganye, amma ido da yatsu sun isa su hana ka babban kuskure.

Gonar maƙwabcina ta fi tawa kore da tsawo. In ƙara buhu ɗaya?

Ka jira ranar awo. Shiga cikin irin wannan gona ka raba rassa da hannu, ka dubi ƙasan tsiro. Sau da yawa za ka tarar da duhu da danshi, rassan ƙasa fayau ba ƙwallo, ƙasa cike da tohon da ya zube, 'yan ƙwallayen da suka rage kuma wasu sun fara baƙi suna ruɓa. Kowane ƙwallo yana dogara ne ƙwarai da ganyen da ke kusa da shi. Idan ganyayen sama suka yi masa rumfa, sai tsiro ya zubar da shi. Kuma ƙwallayen gurbin farko na rassan ƙasa da na tsakiya su ne suka fi girma, su ne jarin audugar da ba ta da lokaci. Garin neman ƙiba an samo rama.

Ganye mai taushi da ruwa-ruwa kuma gayyata ce ga darɓa da farin ƙuda, waɗanda ke zubar da danƙo a kan zare, ga tsutsar ƙwallo da ke samun mafaka inda feshi ba ya isa. Cutar bushewa ta batisiliyam ita ma takan tsananta idan naitirojin ya yi yawa. A ƙarshe, ga masu girbi da inji, ganyen ya ƙi zuba ko an fesa maganin kakkaɓe shi, ko ya zube ya sake toho, ya ɓata zare da kore.

Ashe ƙarin taki ba ya ƙara amfani?

Yana ƙarawa, har zuwa wani wuri. Buhun farko ya fi na biyu aiki, na biyu ya fi na uku, daga nan layi ya kwanta. Masanin ƙasa na Jamus Mitscherlich ya bayyana wannan tun 1909. A auduga layin ba kwanciya kawai yake yi ba, yana iya gangarowa, kuma a shuka ta biyu gangarar takan zo da wuri. Inda ya kamata a tsaya ma bai kai ƙololuwar ba: shi ne inda buhu na ƙarshe ya biya kuɗinsa da ɗan riba.

Zan iya watsa yuriya a kan ƙasa in tafi?

Za ka iya, amma wani kaso nata iska za ka ciyar. Yuriya idan ta taɓa danshi, wani sinadari da ke cikin ƙasa da ragowar kara yakan farfasa ta ta zama iskar amoniya. Idan a cikin ƙasa abin ya faru, ƙasa ta riƙe. Idan a sarari ne, sai ta tashi. Zafi, da iska, da ƙasa mai kanwa, da tulin kara, duk suna ƙara asarar, kuma su ne ainihin yanayin da audugar shuka ta biyu ke ciki. Wani lokaci kwana biyu bayan watsawa, idan ka sunkuya da hantsi, hancinka zai gaya maka. Mafi muni shi ne raɓa ko yayyafi da zai narkar da ita bai shigar da ita ba.

A binne ta santimita 5 ko fiye, ko a bi ta da ruwa milimita 10 zuwa 15 nan da nan. Akwai kuma yuriya da aka gauraya da wani sinadari mai suna NBPT, wanda ke jinkirta farfasawar na wasu kwanaki. Amma kada a haɗa ta rami ɗaya da iri, amoniya tana ƙona shi. Santimita 5 a gefe, 5 a ƙasa.

Ruwa ma in ya yi yawa ɓarawo ne. A yashi yana wanke naitiret ya wuce saiwa. A laka, idan ruwa ya kwanta kwana biyu ko uku, ƙwayoyin ƙasa suna mayar da naitiret gas. Cikin gas ɗin akwai naitiros oksayid, wanda ƙarfinsa wajen ɗumama duniya ya kai na kabon dayoksayid wajen sau 270.

Ganye ya yi rawaya. Naitirojin ne dole?

A'a. Duba wane ganye ne. Ƙarancin naitirojin daga tsofaffin ganyayen ƙasa yake farawa, tsiro ya tsumbure. Idan sababbin ganyayen sama ne suka yi fari-fari na ƙasa na kore, zargi ƙarancin salfa, kuma a nan amoniyam salfet, mai salfa kashi 24, ya fi yuriya, ko da yake yana ƙara wa ƙasa tsami. Idan gefen ganye ne ya yi rawaya ya ƙone lokacin cikar ƙwallo, ƙarancin fotash ne, domin ɓawon ƙwallo yana jan sa da yawa. Idan kuwa ruwa ya kwanta, saiwa ce ta rasa numfashi, magudana take so ba buhu ba.

Taki yana shafar ingancin zare?

Yana shafa, ta hanyar lokaci. Silin auduga yakan yi tsawo a makonni uku na farko bayan fure, sannan ya shafe wasu makonni uku ko fiye yana kauri daga ciki. Wannan kaurin yana son ɗumi. Ƙwallon da ya makara ya faɗa cikin sanyin dare zai ba da sili mara ƙwari, wanda ke ƙullewa a injin kaɗi kuma ba ya shan rini daidai. Ana auna wannan da ma'aunin maikironiya. A tsarin Amurka, wanda kasuwanni da yawa ke bi, 3.5 zuwa 4.9 ne karɓaɓɓe, ƙasa da haka a rage daraja. Audugar makara da ta sha taki ita ce ta fi faɗawa ƙasa da 3.5. Yunwa mai tsanani ita ma tana rage girman ƙwallo da yawansa.

Idan ina da maganin rage tsawo, ba shi ke nan ba?

Mefikwat kulorayid, wanda aka fi sani da sunan Pix, yana rage sinadarin da ke miƙar da gaɓoɓi, tsiro ya gajarta, ganye ya yi duhu da kauri, nuna ta ɗan matso kusa. Yana da amfani ƙwarai a shuka ta biyu, musamman idan an fara shi kaɗan-kaɗan tun fitowar toho. Amma ba ya gajarta gaɓar da ta riga ta miƙe, kuma ba ya cire naitirojin daga ƙasa. Ka sayi taki ya tura, ka sayi magani ya riƙe, aljihunka ne ya biya duka biyun. Kada kuma a fesa wa tsiron da ke fama da ƙishi.

Iri da yawan tsiro suna canja lissafin?

Ƙwarai. Iri mai nuna da wuri, gajere, shi ne na wannan aiki. Da yawa suna matse layuka ko su ƙara yawan tsiro, don kowane tsiro ya ɗauki ƙwallaye kaɗan na farko-farko ya rufe, maimakon a jira shi ya ɗauki da yawa. Sai dai yawan tsiro ba dalilin ƙara taki ba ne. Gona mai cunkoso ta fi saurin yin rumfa, don haka ta fi buƙatar a kama hannu.

Yaya zan gano lambar da ta dace da gonata?

Ka ware layuka a tsakiyar gona, inda ƙasa ta yi daidai, kowane yanki kamar layi shida zuwa takwas. Ɗaya kada ka sa masa naitirojin ko kaɗan, ɗaya rabin abin da ka saba, ɗaya daidai, ɗaya daidai da rabi. Idan da hali ka maimaita a wani sashen gonar, ka sauya jerin. Komai nasu ya zama ɗaya, ruwa da feshi da noma. Ka kafa turaku, don bayan wata biyu ba za ka tuna iyaka ba.

A tsinka, ka bar layukan gefe, ka auna na tsakiya a kan sikeli, kowane yanki da buhunsa. Ka rubuta tsinkar farko daban da ta biyu, ka rubuta ranar da rabin ƙwallayen kowane yanki suka fashe, ka ƙirga koren ƙwallayen da suka rage a kara ranar da ka tashi gonar. Yankin da ba a sa wa komai ba shi zai nuna maka abin da ƙasarka ke bayarwa da kanta. Idan alkama ce za ta sake biyo audugar, ka rubuta ranar da kowane yanki ya ba ka fili, domin kwanakin da auduga ta ƙara a gona daga na alkama aka cire su. Ka yi wannan kaka biyu ko uku, don shekara ɗaya tana iya zuwa da ruwa ko zafi da ba na kullum ba.